Kutare a Cikin Birni, Kutare a Bayan Gari

A ƙarshen shekarar 1894 wasu Turawan Ingila suka sauka a Kano, gari bai gama farfaɗowa daga Basasa ba, Sarki Alu kuma bai daɗe da shiga gidan Rumfa ba. Jagoransu, Charles Robinson, harshen Hausa ne ya kawo shi, yana tattara kalmomi da rubuce-rubucen ajami. Amma a cikin tawagar akwai likita mai suna Tonkin. Da labari ya bazu cewa baƙon nan yana ba da magani, marasa lafiya suka yi ta tururuwa zuwa masaukinsa, kutare kuwa suka yi yawa a cikinsu har ya shiga rubuta bayanin kowanne. A 1903 ya buga nazari a kan mutum 220 masu kuturta da ya duba a wannan tafiya.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne inda ya same su. A cikin gari ya same su. Suna kasuwa, suna bakin hanya, suna cuɗanya da kowa, ba wani shinge tsakaninsu da sauran jama'a. Jikokin waɗanda ya duba kuwa, kafin a yi shekara hamsin, an riga an gina musu sansani a bayan gari, kuma zuriyar da yawa daga cikinsu tana can har yau. Yadda aka yi wannan ƙaura, da abin da aka samu da abin da aka rasa a cikinta, shi nake so in bi.

Tsohuwar ƙasar Hausa ba ta barin mutum ba shi da shugaba. Mahauta da sarkin pawa, maƙera da sarkin maƙera, makafi da sarkinsu, guragu da nasu, kutare ma da Sarkin Kutare. Sarauta ce ta gaske, ana naɗa ta, tana da fadawa, kuma tana nan har gobe a garuruwa da dama. Baƙon kuturu da ya shigo birni daga ƙauye ya san ƙofar da zai fara yin sallama. Can za a ba shi masauki, a nuna masa inda zai zauna bara ba tare da ya shiga hurumin wani ba. Idan attajiri ya fitar da sadaka mai yawa, ta hannun sarkin ake raba ta. Idan rigima ta tashi tsakanin kutare biyu, shi ke kashe ta kafin ta kai gaban alƙali. Idan ɗayansu ya rasu ba dangi kusa, su ke yi masa sutura. Suna aure a tsakaninsu, suna haihuwa, suna suna da biki kamar kowa.

Na tashi na tarar da ragowar wannan tsari. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci sahun kutare daban yake, suna zaune kowa da ƙoƙonsa, wasu da tsumma ɗaure a ƙafa. Kakata ba ta taɓa barin abincin dare ya kwana ba idan ta ji muryar ɗayansu a zaure, amma akwai wani kwanon sha guda da ke rataye a can, wanda mu yara aka ja mana kunne kada mu kuskura mu kai shi baki. Waɗannan abubuwa biyu, tuwon da ake fitarwa da kwanon da ake warewa, a hannun mutum ɗaya na gan su, kuma ba ta ga wani saɓani a tsakaninsu ba.

Saboda haka kada wani ya ɗauka zamanin da aljanna ce ga kuturu. An ba shi wuri, amma wurin na ƙasa ne. Sana'ar da aka bar masa bara ce. An yi masa shaidar zafin rai, har ana kwatance da zuciyarsa. Idan aka tashi binciken aure, abu uku ake fara tambaya a kan gida: ko akwai hauka, ko akwai sata, ko akwai kuturta. Duk da haka, mutanen da suka ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, sun san yana shiga kasuwa, yana sa hannu a kayan mai talla, kuma mai tallar ba ta gudu. Ko a bori, Kuturu babban iska ne mai daraja. Wanda ya hau kansa yakan lanƙwashe yatsu, ya zauna irin zamansu, jama'a su ba shi girmansa. Al'ummar da take tsoron abu matuƙar tsoro ba ta sa shi a tsakiyar wasanta haka.

Malamai kuma suna da nasu hukuncin, wanda duk ɗalibin zaure ya ci karo da shi idan ya kai babin aure a Risala. A mazhabar Malikiyya kuturta da albaras suna cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure idan an ɓoye su. A cinikin bayi ma, mai saye yana da lamunin shekara guda a kan hauka da kuturta da albaras, abin da ke nuna cewa fuƙaha'u sun lura cutar tana ɓuya kafin ta bayyana. Sun kuma yi wa wanda cutarsa ta tsananta uzurin barin Juma'a. Akwai hadisan da ke umartar a nisanci mai cutar, akwai kuma ruwayoyin da ke nuna an zauna an ci abinci da shi, malamai suka yi ta ƙoƙarin haɗa su. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wata mai kuturta tana ɗawafi, ya lallashe ta da ta zauna a gida. Bayan rasuwarsa aka ce mata wanda ya hana ki ya tafi, ta ƙi fitowa, don ba ta yarda ta yi masa biyayya yana raye ta saɓa masa yana kabari ba. Kuma shi wannan Umar ɗin ne ya amince wa sahabi Mu'aiƙib, wanda ke da cutar, da aikin baitulmali. Taka-tsantsan aka koyar, tare da kiyaye mutuncin mai ciwo. Ban ga inda aka ce a kwashe su a kai daji ba.

Me ke kawo ta? Amsar da na fi ji ina yaro ita ce gado: jinin gidan su wane ne. Sai kuma cin kifi a sha nono a kai. Sai sammu, sai rantsuwa da Alƙur'ani a kan ƙarya. Wannan ta ƙarshe ita ta fi muni, don ta mai da mara lafiya mai laifi. Amma kafin mu ga wautar kakanninmu, ya kamata a san cewa manyan likitocin Turai a kan wannan turba suke a ƙarni na sha tara. A ƙasar Norway, inda cutar ta yi katutu a tsakanin masunta da manoman gaɓar teku, babban masanin cutar, Danielssen, ya tsaya kai da fata cewa gadonta ake yi, har ya yi wa kansa allura da abin da ya ɗebo daga jikin marasa lafiya, bai kamu ba, ya ƙara samun hujja. Wani shahararren likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, littafi guda ya rubuta a 1906 yana ɗora laifin a kan cin kifin da ya lalace. Surukin Danielssen ne, Armauer Hansen, ya hango ƙwayar cutar da madubin likita a birnin Bergen a 1873, ya ce ga mai laifin nan.

Wannan gano da ya yi alheri ne babba, amma ya zo da wutsiya. Tunda ƙwaya ce, to ana ɗauka. Tunda ana ɗauka kuma ba magani, to a ware masu ita. Taron likitocin duniya na farko a kan kuturta, wanda aka yi a Berlin a 1897, a kan warewa ya tsaya. Shekara shida bayan haka Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa. Wato masu mulkin da suka zo mana sun zo da ra'ayin da ya riga ya kafu a zukatansu, cewa wurin kuturu nesa da mutane ne.

Ba su iya aiwatar da shi nan take ba. Kuɗi babu, likitoci babu, masu cutar kuma sun fi ƙarfin a tattara su da ƙarfin doka. Abin da aka fara yi shi ne 'yan ƙauyukan kutare ƙarƙashin En'e, ana ba su hatsi da ɗan abin cefane, magani kuwa sai abin da hali ya yi. Canji ya zo ne daga wajen 'yan mishan. A 1924 aka kafa wata ƙungiya a Landan ta yaƙi da kuturta a ƙasashen da Ingila ke mulka, ana kiranta BELRA. A Kudu, wani likitan mishan ɗan Sikotlan, Macdonald, ya kafa sansanin Itu a ƙarshen shekarun 1920, dubban mutane suka taru suna noma suna karɓar allura. A Garkida, ƙasar Bura, mishan ɗin 'Yan'uwa ta buɗe nata a 1929. Gwamnati ta ga hanya mai arha: En'e ta ba da fili da kuɗi, mishan ta ba da likita da nas.

A masarautun Musulmi maganar ba ta da sauƙi haka. Tun zuwan Gwamna Lugga an yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, kuma a kan wannan alkawari aka daɗe ana tare 'yan mishan daga shiga ƙasashensu. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mishan ɗin SIM ta karɓi ragamar manyan sansanonin lardi: Yadakunya a Kano, wanda mutanen gari suka fi sani da asibitin Bela, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Akwai Bayara a Bauchi, da Molai kusa da Maiduguri wanda ke hannun wata mishan ɗin daban. Daga baya, a shekarun 1950, aka buɗe Danja kusa da Maraɗi a ƙasar Nijar. Sarakuna sun gindaya sharuɗɗa a kan wa'azi, musamman ga yara, kuma an yi ta kai ruwa rana a kan yadda ake kiyaye su. Kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ke nema. Sarki yana son talakawansa su sami magani, ɗan mishan yana son ya yi magani kuma ya yi bishara, Razdan yana son aikin ya tafi ba tare da ya taɓa baitulmali sosai ba.

Shi kuwa mara lafiya, wanda ya taho a ƙafa ko a kan jaki daga ƙauyensa, me ya tarar? Ya tarar da gari sabo, da bukkoki a jere, da gona da aka yanka masa, da makaranta, da ranakun allura. Maganin zamanin man wani itace ne na Indiya da Bama, chaulmoogra. Mai ne mai kauri, shan sa yana tayar da zuciya, don haka ake ɗura shi a allura a tsattsaga shi cikin fata, tsira bayan tsira a kan tabo guda, mako bayan mako, shekara da shekaru. Tsofaffin da suka sha wannan allura ba su manta zafinta ba. Wasu sun ga sauƙi, aka sallame su da takarda. Amma yau an san cewa irin kuturtar nan mara tsanani takan lafa don kanta, kuma abinci mai kyau da tsabta da wankin miki sun yi rabin aikin da aka jingina wa man. Masu cutar mai tsanani kuwa, da yawa ta dawo musu.

Akwai abin da ba na iya wucewa ban tsaya a kansa ba, shi ne raba jarirai da iyayensu. A sansanoni da dama, idan mace mai cutar ta haihu, akan ɗauke jaririn a kai gidan reno don kada ya kamu. Ta fuskar ilimin lokacin akwai hujja, tunda yara sun fi saurin ɗauka kuma ba maganin da ke kashe ƙwayar. Amma a ƙasar da uwa ke goyon ɗanta shekara biyu, a ce ta riƙa hango shi daga nesa a hannun wata, wannan ciwo ne na biyu da aka ɗora a kan na farko. Wasu yaran sun tashi a hannun mishan da addinin da ba na iyayensu ba, abin da ya bar ɗaci a zukatan dangi. Ta ɗaya gefen kuma, gaskiya ce cewa waɗannan baƙi sun riƙa wanke gyambon da 'yan'uwan mai shi ke toshe hanci a kansa, kuma daga sansanonin ne talakawa da yawa suka fara koyon karatun boko, wasu suka zama malaman asibiti, wasu malaman makaranta, wasu teloli da kafintoci. Duk wanda ya ba da labarin da rabi ɗaya kawai, bai yi adalci ba.

Maganin gaske ya ɓullo ne daga Amurka, a asibitin kutare na Carville, inda a 1941 aka fara gwada wata allura mai suna Promin aka ga abin mamaki. Sai dai tana da tsada, kuma a jijiya ake yin ta kullum, abin da ba zai yiwu a ƙauyen Afirka ba. Uwar wannan magani ita ce dapsone, wadda aka haɗa a Jamus tun 1908 aka ajiye, don ana ganin gubarta ta yi yawa. A Najeriya aka warware wannan ƙulli. A sansanin Uzuakoli da ke ƙasar Ibo, a ƙarshen shekarun 1940, Dakta John Lowe ya nuna cewa idan aka rage yawanta aka ba da ita ƙwaya a haɗiya, tana kashe cutar ba tare da ta kashe mai ita ba, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A wannan wuri dai, wajen 1960, Dakta Stanley Browne da abokin aikinsa suka gwada clofazimine, wadda ita ma tana cikin maganin da ake sha yau. Biyu daga cikin magunguna ukun da duniya ke amfani da su, a jikin marasa lafiyan Najeriya aka tabbatar da amfaninsu. Ban taɓa jin an koya wa yaranmu wannan a makaranta ba, kuma ya cancanci a koya.

Da zuwan ƙwayar magani, hujjar sansani ta rushe. A shekarun 1950 Jihar Arewa ta baza ɗakunan shan magani a ƙauyuka, wani a gindin bishiya, wani a rumfar kasuwa. Malamin kuturta yakan iso a kan keke ranar da aka sa, da littafin rajista da gwangwanin ƙwayoyi, ya kira suna, mutum ya haɗiya a gabansa ya koma gonarsa. Jama'a masu ɗimbin yawa suka fito, har da waɗanda suka shekara suna ɓoye tabo a ƙarƙashin riga. Matsalar dapsone ita ce tsawon lokaci: shekaru ake shan ta, wasu har iyakar rai. Mutum ya sha wata uku ya ga tabo ya dushe, damina ta zo, ya daina zuwa. Da haka ƙwayar cutar ta koyi jure maganin, aka fara tabbatar da hakan a Malesiya a 1964. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa uku, rifampicin da dapsone da clofazimine. Yau wata shida ne ga mai cutar mara yawa, wata goma sha biyu ga mai yawa, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duk duniya.

A nan ne ya kamata a faɗi yadda cutar ke aiki, don duk zaluncin da aka yi wa kutare daga rashin sanin wannan ya taso. Ƙwayar kuturta malalaciya ce. Kafin ɗaya ta rabu biyu sai ta yi kusan mako biyu, shi ya sa mutum kan ɗauke ta shekara biyar, wani har ashirin, kafin alama ta fito. Ta hanci da baki take fita daga wanda bai fara magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ta ba su ma sani ba. Saboda 'yan gida ɗaya ne ke daɗewa tare, sai ta yi kama da gado. Wuraren da suka fi sanyi a jiki take so: fata, hanci, da jijiyoyin da ke kusa da fata a gwiwar hannu, wuyan hannu, bayan gwiwa da idon sawu. Idan ta lalata jijiyar, hannu da ƙafa su daina jin zafi.

Zafi kuwa shi ne maigadin jiki. Ranar da ya bar ƙofa, kowane ɓarawo shiga yake. Mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu, fata ta ƙone ba ta ji ba. Manomi ya yini yana noma, ƙotar fartanya ta yi masa bororo, ya fashe, ya ci gaba. Ƙaya ta shiga tafin ƙafa a yi kwana uku ana takawa a kanta. Miki ya ruɓe, ruɓar ta kai ƙashi, ƙashin ya riƙa zaizayewa, yatsa ya gajarce kaɗan-kaɗan. Wani likitan tiyata, Paul Brand, da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ya fi kowa bayyana cewa cutar ba ta cin yatsu da kanta, raunin da ba a ji ba ne ke cinye su. Har ya gano ɓeraye na gaigayar yatsun marasa lafiya da dare suna barci. Abin da ya biyo baya mai sauƙi ne: takalmi mai taushin ciki, tsumman sauke tukunya, jiƙa ƙafa a ruwa a shafa mai, da duba tafin ƙafa kowane dare.

Ma'anar wannan ita ce, dattijon nan mai dungu da muke ware wa kwano, sau da yawa ba ya ɗauke da ƙwaya mai rai ko ɗaya, musamman idan ya sha magani. Abin da muke gani tabon yaƙin da aka gama ne. Wanda zai iya yaɗa cutar shi ne mai yatsu goma cif, wanda fatarsa ta ɗan yi sheƙi ko kunnensa ya ɗan yi kauri, wanda muke ci a kwano ɗaya da shi ba fargaba. Shi ma da ya fara shan magani, cikin 'yan kwanaki ya daina yaɗawa. Kakanninmu sun hango wani abu da suka ce, da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi. Da tabo mai haske take farawa. Bambancinsa da ƙyasfi ko makero shi ne ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma idan aka shafa masa auduga mai shi ya rufe ido, ba zai ji ba.

A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓi asibitocin mishan. Sansanonin suka zama asibitocin fata da tarin fuka, daga baya kuma a Saye ta Zariya aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa. A ƙa'ida, duk wanda ya warke sai ya koma gida. Da yawa ba su koma ba. Na taɓa zama da wani dattijo a ɗaya daga cikin unguwannin da suka tsiro a gefen irin waɗannan asibitoci. An kawo shi yana saurayi, an sallame shi tun kafin a haife ni. Na ce, “Baba, me ya hana ku komawa gida?” Ya ce ya koma. Ya tarar an raba gonar ubansu ba da shi ba, matar da aka yi masa baiko ta yi 'ya'ya uku a wani gida, aka gyara masa wata bukka a bayan shinge, ana miƙo masa abinci ta kan danga. Da kaka ta yi ya tattara ya dawo inda ake ba shi hannu a gaisa. Ya kira ni ɗana har muka rabu, kuma da zan tafi ya tsaya ya ga ko zan miƙa masa hannu kafin ya miƙo nasa.

Abin da sansani ya yi, wanda bara a cikin birni bai yi ba, shi ne ya ba ƙyamar adireshi. A da kuturu mutum ne guda a unguwa, 'ya'yansa 'yan unguwa ne. Yanzu akwai sunan gari da idan yarinya ta faɗa a matsayin garinsu, mai neman aurenta zai ja da baya, ko da ita da uwarta ba wadda ta taɓa yin tabo. A danginmu an fasa wani aure ina saurayi, an riga an kai kuɗin gaisuwa, saboda wata gwaggo ta binciko cewa kakan yarinyar ya taɓa zama a sansani. Yarinyar lafiyarta ƙalau, kakan ma ya warke shekaru kafin a haife ta. Manya suka ce ana gudun jini. Ba wanda ya tambayi likita, kuma abin yana ci mini rai har yanzu, don na san irin wannan hukunci ana yanke shi a zaurukan da ke da masu digiri a ciki.

A 1998 Najeriya ta kai matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato ƙasa da mutum ɗaya mai cutar a cikin kowane 10,000. Nasara ce ta gaske, amma mutane da yawa, har da masu riƙe da kasafin kuɗi, sun ji ta kamar an ce cutar ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Duniya tana samun sababbin masu kamuwa wajen 200,000 a shekara, Indiya da Barazil da Indonesiya ne a gaba, Najeriya kuma tana samun dubbai, da yara a cikinsu, alamar cewa ana ci gaba da ɗauka a gidaje. Tsofaffin malaman kuturta na zamanin keke, waɗanda ke gane tabo daga nesa su lalubo jijiyar da ta kumbura da yatsa, sun yi ritaya ko sun rasu. Matashin ma'aikaci a ƙaramin asibiti yana iya gama karatunsa bai ga mai cutar ko ɗaya ba, sai ya rubuta man shafawa na makero ya sallami mutum. Shi kuma mai tabon, da ya san abin da sunan cutar zai jawo wa auren ƙannensa, yakan fara zagaya masu magani da kemis shekara biyu ko uku. Sau da yawa sai yatsun sun fara lanƙwashewa yake isa Bela ko Babbar Ruga ko Danja, a lokacin da ƙwayoyin za su kashe cutar sarai amma ba za su dawo da jijiyar da ta mutu ba.